Yadda ake gane nau'o'in ɗa'un da bambanta ta da zazzaɓin da muka saba gani a Zariya

Tambaya: Ni jami'in lafiya ne a wata ƙaramar cibiya a yankin Sabon Gari, Zariya. An kawo mini yaro ɗan shekara 9 da zazzaɓi da kaluluwa a matsematsi, mahaifiyarsa kuma ta ce kwanakin nan suna tsintar matattun ɓeraye a ɗakin ajiyar hatsi. Hankalina ya tafi kan ɗa'un, wato annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda Turawa ke kira plague. Ta yaya ake gane nau'o'inta, wane gwaji ake yi, kuma yaushe ya kamata in tura mara lafiya gaba?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Zazzaɓi da kaluluwa da mutuwar ɓeraye a gida ɗaya, duk wanda ya karanta ɗa'un dole gabansa ya faɗi. Amma mu fara da inda muke tsaye. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke kai rahoton wannan cuta a zamanin nan. Ta taɓa shiga Legas a 1924, ba ta lafa ba sai wajen 1931. A yau mafi yawan masu kamuwa suna Madagaska, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango musamman lardin Ituri, da ƙasar Peru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 3,248 da suka kamu tsakanin 2010 da 2015, 584 daga cikinsu suka rasu. Akwai kuma wuraren da take kwance cikin namun daji a arewa maso yammacin Yuganda da wasu sassan Tanzaniya. Ta kan yi dogon shiru ta dawo: a 2003 ta ɓulla a yankin Oran na Aljeriya bayan shekaru kusan 50 ba a ji ɗuriyarta ba, a 2009 kuma aka gan ta kusa da Tobruk a Libiya. Saboda haka a Zariya mafi yawan kaluluwar da za ka taɓa ba ɗa'un ba ce. Wanda ake tsoron ya wuce ba a gane ba shi ne matafiyin da ya dawo jiya ko shekaranjiya daga ɗaya daga cikin waɗancan wurare, malamin jami'a ne da ya je taro, ko soja, ko ɗan kasuwa.

Ƙwayar da ke haddasa ta bakteriya ce mai suna Yersinia pestis, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Gidanta jikin ɓeraye da danginsu, ƙuma ce ke ɗaukar ta daga wannan zuwa wancan. Ƙwayar tana taruwa ta toshe maƙogwaron ƙumar, sai yunwa ta hana ta sakat, ta yi ta cizo tana amayar da ƙwayoyin cikin wurin da ta ciza. Idan ɓeran ya mutu jikinsa ya yi sanyi, ƙumar ta bar shi ta nemi jini mafi kusa, wanda sau da yawa ƙafar mutum ce. Daga nan tambayoyin da za ka yi suka fito, kuma su ne rabin aikin. Ina mara lafiya ya je cikin kwana 10 kafin zazzaɓin ya fara? Me ya taɓa: mataccen ɓera, naman daji da ya feɗe, kyanwa mara lafiya, dabbar da aka yi gaggawar yankawa don kada ta mutu, ko mutumin da ke tari da jini? Sannan yaya ciwon ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Ɗa'un ba ta lallaɓowa. Mara lafiya kan iya gaya maka lokacin da sanyi ya rufe shi.

Maganar ɓerayen nan, kafin komai ka tambayi uwar ko an sa maganin ɓera, a gidansu ko a maƙwabta. Bayan an kawo amfanin gona gida mutane da yawa na zuba guba a ɗakin hatsi, kuma ɓeran da ya ci a gidan maƙwabci kan zo ya mutu a naka. Mutuwar da ke tayar da hankali ita ce wadda ba a sa komai ba, ɓeraye na faɗuwa da rana a gidaje da yawa, mutane kuma na kukan cizon ƙuma a ƙafa. Ko ma dai mene ne, kada a ɗauke su da hannu, don zazzaɓin Lassa ma ta wajen ɓera yake zuwa, shi kuwa yana nan ƙasar.

Nau'in da ya fi yawa shi ne na kaluluwa. Bayan cizon ƙuma da kwana 1 zuwa 7, yawanci 2 zuwa 6, sai zazzaɓi mai zafi ya sauko, awo ya kai 38.5 zuwa 40, da rawar ɗari, da ciwon kai, da kasala mai tsanani. A ranar ko washegari sai ciwo ya kama wuri ɗaya, matsematsi ko hammata ko wuya. Lura da wannan: ciwon kan riga kumburin. Mara lafiya na iya kuka da matsematsi alhali hannunka bai ji komai ba tukuna. Idan kumburin ya fito, girmansa daga santimita 1 har zuwa 10, da tauri, da ɗumi, kuma naman da ke kewaye da shi ya kumbura ya yi ruwa-ruwa har ba ka iya raba kaluluwa ɗaya da 'yar'uwarta. Abin da ya fi bambanta ta shi ne zafin ciwon. Mara lafiya ba ya yarda a taɓa, wani lokaci ko riga ba ya so ta goga wurin. Mai ita a matsematsi zai lanƙwashe ƙafar ya buɗe ta waje, mai ita a hammata zai ɗage hannu daga jikinsa, mai ita a wuya zai karkatar da kai. A manya ta fi fitowa a matsematsi, ƙasa kaɗan da layin da cinya ta haɗu da ciki, saboda ƙuma ƙafa take samu. A yara da masu kwana a ƙasa ana yawan ganin ta a wuya da hammata. Wurin cizon kuwa galibi ba a ganin komai a kansa, ko ɗan ƙurji ne kawai. Idan ba a yi magani ba, kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na mutuwa.

To, me ke kama da ita a nan? Na farko, kuma shi ne kusan kullum, kaluluwar da miki ya jawo. Ka wanke ƙafar yaron ka duba tsakanin yatsu, da tafin ƙafa, da ƙauri, da ɗuwawu, da gaba. Ƙaya ko ƙusa da ta soke shi, ƙazuwar da ya sosa ta ruɓe, maruru, ko kaciyar da ba ta warke ba, kowanne na iya tayar da kaluluwa da zazzaɓi. A irin wannan za ka ga mikin da idonka, wani lokaci da jan layi yana hawa daga mikin zuwa sama, kuma yaron na iya zama ya yi magana ya sha ruwa. A ɗa'un jan layin nan ba kasafai ake ganinsa ba, kuma jikin mara lafiya ya fi kumburin muni nesa ba kusa ba. Kaluluwar tarin fuka a wuya take fi zama, ta yi makonni ko watanni, ba ta da zafin taɓawa sosai, tana manne da juna, wani lokaci ta fashe tana tsiyaya. A baligai ka tuna da cututtukan sanyi da ake ɗauka ta jima'i, masu zuwa da miki a gaba da kumburin da ke girma a hankali ba tare da zazzaɓi mai tsanani ba. Kumburin wuya a yaro na iya zama hangum, wanda ke gaban kunne ya ɗage ganyen kunnen, ko mashaƙo, wanda za ka ga farin yaɓi manne a maƙogwaro idan ka haska, kuma tun daga 2022 an ga mashaƙo da yawa a arewa. Wanda ba a yafe kuskurensa shi ne ƙaba da ta maƙale: kumburi mai ciwo a matsematsi, da amai, da kumburin ciki, ba bayan gida ba tusa. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa, kuma soka masa allura huda hanji ne.

Game da yaron naka, idan ka sami miki, ba wanda ya yi tafiya, kuma an sa guba, ka yi masa gwajin maleriya, ka kula da mikin da kaluluwar yadda ka saba, ka ce a dawo da shi cikin awa 24 ba tare da fashi ba. Idan babu miki, ciwon ya wuce misali, yaron ya galabaita, ko wani a gidan ya kwanta da irin wannan, tura shi a yau, ka kuma kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku. Kada gwajin maleriya da ya nuna akwai ya rufe maka ido. A yankinmu yara da yawa na ɗauke da ƙwayar maleriya ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, kuma tsinken gwajin na ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Maleriya ba ta kawo kaluluwa mai zafi. Haka gwajin Widal, wanda ke nuna taifod a jikin mutane da yawa da ba su da ita.

Nau'i na biyu shi ne wanda ƙwayar ke mamaye jini. Yana iya biyo bayan na kaluluwa da aka yi sakaci da shi, yana kuma iya zuwa kai tsaye ba kaluluwar da za a taɓa. Wannan mai zuwa kai tsayen ya fi kowanne wahalar ganewa, don babu alamar da ta keɓanta da shi. Zazzaɓi ne da rawar ɗari da galabaita, sau da yawa da amai da gudawa da ciwon ciki, har a ɗauka taifod ce ko gurɓataccen abinci. Daga nan bugun zuciya ya yi sauri, awon jini ya faɗi, fitsari ya ragu, hankali ya fara gushewa. Ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata da baƙin da yatsu da hanci ke yi, waɗanda ake nunawa a hotuna, alamu ne na ƙarshe. Wanda ya jira su ya makara. A fata mai duhu ma ba a ganin ɗigon da wuri sai an duba farin ido, da cikin baki, da tafin hannu. A Zariya, musamman daga hunturu zuwa bazara, mai zazzaɓi da irin wannan ɗigon jini sanƙarau da ya shiga jini za a fara zargi, sannan Lassa da maleriya mai tsanani. Lassa kan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana, ta fara a hankali da ciwon maƙogwaro da ciwon ƙirji, zubar jinin kuma sai a mako na biyu. Ƙirgen jini na taimakawa: a ɗa'un fararen ƙwayoyin jini kan hau zuwa 10,000 har 25,000 ko fiye, alhali a taifod da farkon Lassa sukan tsaya daidai ko su sauka. Wannan ishara ce kawai, ba ta yanke hukunci.

Akwai abu ɗaya da mai aikin ɗakin gwaji zai iya kamawa kafin likita. A wannan nau'i ƙwayoyin kan yi yawa a jini har a gan su a gilashin da aka shafa don neman maleriya, tunda rinin Gimsa da ake rina gilashin da shi yana nuna su duka biyun. Idan mai dubawa ya ga ƙananan sanduna a tsakanin ƙwayoyin jini, kawunansu biyu sun sha rini tsakiyarsu fayau, kada ya ce dattin rini ne ya wuce. Ya sanar da likita nan take.

Nau'i na uku, na huhu, shi ne mai saurin kisa, kuma shi kaɗai ke bi daga mutum zuwa mutum ta tari. Hanyarsa biyu ce. Ko dai ƙwayar ta bi jini daga kaluluwa ta sauka a huhu bayan kwanaki, ko kuma mutum ya shaƙe ta kai tsaye daga wanda ke tari a kusa da shi, cikin tazarar da ba ta wuce mita 2 ba. Shi ya sa duk mai ɗa'un kaluluwa da ya fara tari ake ɗaukarsa mai na huhu har sai an tabbatar ba haka ba. Wanda ya shaƙa kan kwanta cikin kwana 1 zuwa 3, wani lokaci awa 24 kacal. Ranar farko zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon jiki, ba abin da zai raba shi da maleriya ko mura mai zafi. A rana ta biyu tari ya shigo, da ciwon ƙirji, da haki, kakin ya fara da ruwa-ruwa, sannan ya yi kumfa da jirwayen jini, daga baya ya zama ja. Abin da ke ruɗar masu dubawa shi ne ka sa abin sauraro a ƙirji ka ji abu kaɗan, alhali mutumin na neman shiɗewa. Hoton ƙirji kan nuna ɓangare ɗaya da farko, cikin sa'o'i ya bazu zuwa huhu biyu, kuma ba shi da wata siffa da za a ce ta ɗa'un ce kaɗai. Idan ba a fara maganin da ya dace cikin awa 24 da fara alamomi ba, da wuya a tsira.

A wajenmu tari da jini tarin fuka ake fara kawowa a rai, kuma daidai ne. Lokaci ne ke raba su. Mai tarin fuka ya yi makonni yana tari, ya rame, yana gumin dare. Mai ɗa'un huhu shekaranjiya lafiyarsa ƙalau yana kasuwa. Sai kuma jerin mutane: wani ya rasu da ciwon ƙirji na kwana biyu ko uku, bayan kwana biyu wanda ya yi jinyarsa ya kwanta da irinsa. Annobar Madagaska ta 2017 haka ta fara. Wani mutum ɗan shekara 31 da aka ɗauka maleriya ke damunsa ya shiga motar haya a ƙarshen watan Agusta, ya ratsa Antananarivo zuwa Toamasina, ya rasu a hanya. Kafin ƙarshen Nuwamba an kai rahoton mutum 2,417, 209 sun rasu, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na huhu ne. Daga baya da aka bi samfuran, kaɗan ne ƙwarai daga cikin na huhun aka iya tabbatarwa, abin da ke nuna cewa da zarar tsoro ya shiga gari kowane tari sai a kira shi ɗa'un.

Akwai wasu biyu da ba su da yawa. Na maƙogwaro yana zuwa da ciwon haɗiya da kumburin wuya, an gan shi a Saudiyya a 1994 a mutanen da suka ci ɗanyar hantar raƙumi mara lafiya, don haka ka tambayi mahauta da masu cin ɗanyar hanta. Na sanƙarau kuma kan bayyana bayan mako guda ko fiye, galibi a wanda aka yi wa maganin da bai isa ba, kuma ruwan ƙashin baya ne ke nuna shi.

Yanzu samfur. Ƙa'idar ita ce a ɗauka kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma kada ɗaukar ta jinkirta maganin. Idan kayan aiki ba sa kusa, magani ne gaba. Daga kaluluwa zuƙo ruwa ake yi, ba a tsaga ta, don tsagawa na watsa ƙwayar ga mai aikin da ɗakin. Aikin likita ne ko wanda aka horar, da safar hannu, da takunkumi, da abin kare ido, da riga. A ba mara lafiya maganin ciwo tukuna. A tabbatar ba ƙaba ba ce, a kuma laluba inda babbar jijiyar cinya ke bugawa don a kauce mata. A goge fata da ayodin ko sifirit a bari ta bushe. A ɗauki sirinji mai mililita 10 da allura lamba 20, a zuƙi mililita 1 zuwa 2 na ruwan gishirin asibiti wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba. A riƙe kaluluwar da yatsu biyu, a soka, a ja. Yawanci ba abin da zai fito, domin a kwanakin farko ba ta yi mugunya ba, kuma a nan ne da yawa ke cire allura su ce babu komai. Sai a tura ruwan gishirin ciki a sake jawo shi, a maimaita har ya fito da launin jini. Wannan ɗan ruwan shi ne samfurin. A ɗiga a gilashi biyu a shafa, a ajiye kaɗan don tsinken gwajin F1 da za mu yi bayaninsa a gaba, sauran a jiƙa auduga mai sanda a nutsa ta cikin kwalbar Cary-Blair, wadda ke adana ƙwayar da ranta har a kai ɗakin gwaji. A ɗiga a hankali, kada a fesa, kada kuma a mayar wa allura murfinta.

Jini kuwa ana ɗauka a kowane nau'i, kwalaben reno (waɗanda ake rainon ƙwayar a cikinsu har ta yawaita a gane ta) biyu ko uku daga wurare dabam-dabam, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalbar babba, da wani a kwalbar ƙirge, da wani da za a raba ruwansa a ajiye. Kwalbar reno ba ta shiga firji. Ga na huhu kaki ake so daga can cikin ƙirji. Miyau ba ya amfani, yana ba da sakamakon ƙarya ta kowane ɓangare. Mai karɓa ya tsaya a gefe, a wuri mai iska. Samfurin da zai wuce awa 2 a hanya a sa shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, a kuma naɗe shi rufi uku. A rubuta zargin ɗa'un ɓaro-ɓaro a takarda, sannan a kira ɗakin gwajin a gaya musu da baki. Wannan yana kare ma'aikatansu, yana kuma sauya yadda za su bi da samfurin.

A madubin gwaji, rinin Giram yana nuna gajerun sanduna masu ɗan kauri, ja-ja. Rinin Wayson ko Gimsa ne ke fito da siffar da aka san ta da ita, kawuna biyu masu duhu da tsakiya fari, kamar fil ɗin da ake kulle zani da shi idan an rufe. A kafe shafin da metanol, wuta na ɓata siffar. Amma wannan siffa ba hujja ba ce ita kaɗai, domin Pasteurella da Klebsiella da E. coli ma sukan fito haka. A ruwan kaluluwa tana da nauyi sosai. A kaki, inda ƙwayoyi iri-iri suke, nauyinta kaɗan ne.

Reno shi ne ke tabbatarwa, kuma a nan aka fi yin ɓari. Ƙwayar ba ta da zaɓen abinci, tana tsira a farantin jini da na MacConkey, amma tana da jinkirin girma. Bayan awa 24 ɗigo ne da ido ke iya tsallakewa, sai a awa 48 take kai milimita 1 zuwa 2, launin toka-toka, daga baya tsakiyarta ta tashi gefenta ya yi karkace. Ɗakin gwajin da ya saba duba faranti da safe ya rubuta babu abin da ya tsira ya zubar, zai zubar da ita. A riƙe faranti aƙalla awa 72, kwalaben jini kuma kwana 5 zuwa 7. Ƙwayar ta fi son digiri 28 a kan 37, amma sinadarin F1 da ake gane ta da shi sai a kusan 37 take yin sa, don haka faranti biyu ake shukawa, ɗaya a kowane zafi. Kada a dogara da zafin ɗaki a madadin 28, daren hunturun Zariya ya yi ƙasa da haka, ranar Afrilu kuma ta wuce. A kaki wasu ƙwayoyi masu saurin girma kan rufe ta, shi ya sa ake ƙara farantin CIN, wanda ke danne yawancinsu ya bar ta ta tsira. Ƙwayar ɗa'un ba ta motsi ko a digiri 25 ko a 37, kuma cikin gwaje-gwajen tantance bakteriya katalas ɗinta na nunawa, oksidas da yuriyas da indol ba sa nunawa. 'Yar'uwarta Yersinia pseudotuberculosis tana nuna yuriyas, tana kuma motsi a 25. Na'urorin tantance ƙwayoyi masu aiki da kansu sun sha kiran ta da sunan wannan 'yar'uwar, ko Shigella, ko Acinetobacter. Idan irin wannan suna ya fito daga jini ko kaluluwar mai tarihin da ya dace, kada a yarda da na'ura, a daina taɓa farantin a kan teburi, a rufe a tura gaba.

Tsinken gwajin F1, wanda Cibiyar Pasteur ta Madagaska ta ƙera, yana ba da amsa cikin minti 15, kuma yana iya nunawa ko bayan an fara magani. Ba kaya ba ne da za ka samu a shagon kayan asibiti, ta hannun hukumomin lafiya yake zuwa. Ya fi aminci a ruwan kaluluwa. Kaki mai yauƙi kan hana ruwan hawa tsinken ko ya ba da layin ƙarya, don haka sai an tsinka shi, kuma dole a bi sakamakon da wani gwajin. PCR, wato gwajin da ke gano bakteriya ta ƙwayoyin halittarta, na neman ƙwayoyin halitta biyu, pla da caf1, domin an sami pla a jikin wasu bakteriya dabam. Gwajin garkuwar jiki kuwa amsarsa daga baya take zuwa: jinin farko, da na biyu bayan aƙalla mako 2, a ga ko awon garkuwar ya ninka sau 4. Amfaninsa ya fi fitowa a wanda ya sha maganin sipro (siprofuloksasin) daga kemis kafin ya zo, abin da ke kashe reno ya bar likita cikin duhu. Ka riƙa tambayar abin da aka sha, ka ce a kawo kwalin.

A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ake zargi shi ne mai alamomi tare da tarihin cuɗanya ko zama a wurin da cutar take cikin kwana 10. Idan tsinken F1 ko madubi ko gwajin garkuwa guda ya goyi baya, ya zama mai yiwuwa. Tabbatacce sai da reno, ko PCR, ko ninkuwar garkuwa.

Magani a matakin zargi ake fara shi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne seftiriyazon da amoksisilin da sauran dangin fenisilin, waɗanda muke fara ba mai ciwon huhu ko zazzaɓi mai tsanani, ba a dogara da su a ɗa'un. Ga babba ana ba da jentamaisin miligiram 5 kan kowane kilo sau ɗaya a rana, ko siprofuloksasin 400 ta jijiya duk awa 8 ko 750 ta baki sau biyu a rana, ko lebofuloksasin 750 sau ɗaya, na kwana 10 zuwa 14. Doksisaikilin na yi wa na kaluluwa. Idan ta shiga sanƙarau jentamaisin ba ya isa can sosai, sai kuloramfenikol ko lebofuloksasin. Na yara da masu ciki da masu ciwon ƙoda likita ne zai auna. Mai tari a sa masa takunkumi tun daga bakin ƙofa, a killace shi har ya yi awa 48 a kan magani kuma an ga sauƙi. Waɗanda suka zauna kusa da shi a ba su doksisaikilin miligiram 100 ko sipro miligiram 500, kowanne sau biyu a rana, na kwana 7, ana auna zafin jikinsu kullum.

Mutum ɗaya da ake zargi ya isa a kai rahoto a ranar, daga jami'in sa ido na Sabon Gari ko Zariya ko Giwa zuwa ma'aikatar lafiya a Kaduna, zuwa hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda layinta na kyauta 6232 ne, babban ɗakin gwajinta kuma yana Gaduwa a Abuja. Idan za ka tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Shika ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ka kira su tukuna don su shirya ɗaki, kuma kada mai tari ya shiga bas ko Keke Napep da fasinjoji. 'Yan'uwa kan so su kwashe shi zuwa ƙauye. Tuna musu da umarnin Manzon Allah (SAW) cewa wanda ke garin da ɗa'un ta sauka kada ya fita yakan fi dogon bayani tasiri. Idan an rasu kafin a ɗauki komai, ana iya zuƙo ruwa daga kaluluwa ko huhu ko hanta da allura ba tare da an buɗe gawa ba, masu wanka kuma su zama kaɗan, da safar hannu da takunkumi da riga, a kuma rubuta sunayensu cikin waɗanda za a bibiya. A gidan da ake zargi, feshin ƙuma ake fara yi kafin a kashe ɓera, in ba haka ba ƙumar da ta rasa ɓeranta kan mutanen gidan za ta koma.